Kalmar da Ta Kuɓuce wa Kawu Manaja

Ranar da aka binne Kawu ruwa ya ɗauke tun da hantsi. Rana ta fito ba zafi, tururi yana tashi daga jinkan ɗakuna kamar garin Lafiya duka yana numfashi. Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna kusa da taubashina, babban ɗan Kawu, muna karɓar gaisuwa. Kunnena yana wajen abin da mutane ke faɗa, domin tun a lokacin na ƙudurta zan rubuta wannan, ko da zai ci mini damina guda. Hannuna bai daɗe da sanin fensir ba. Shekara biyu ke nan da na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar, har yanzu kuma a hankali nake tafiya.

Liman ya ce marigayin mutum ne mai gaskiya, illa dai yana faɗinta da ƙarfin da ya wuce bukata. Mahaucin bakin kasuwa ya ce Kawu bai taɓa sayen nama a wurinsa bai kushe shi ba, yau kuwa har ya ware tsoka mai kyau ya ajiye kafin ya tuna babu mai zuwa ya kushe ta. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta fito daga cikin gida wajen gaishe da Inna, matar Kawu, ta tsaya a bakin zaure tana gyara mayafi, ta ce da mu, "Sai haƙuri. Amma garin nan zai yi shiru. Ban san yadda za mu yi da shirun ba."

Can sai tsofaffin 'yan wasansa na tamaula suka fara isowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi tumbi, wani yana ɗingishi, wani furfura ta cinye masa gemu. Suka yi gaisuwa suka nemi wurin zama. Sai da na ɗaga kai na lura da abin da su kansu ba su lura da shi ba: kowa ya zauna a inda yake tsayawa a fili. 'Yan gaba sun zauna a gaba, 'yan tsakiya a tsakiya, ni da abokin tsaron bayana muna can ƙarshen tabarma. A bayanmu akwai wuri guda da ba wanda ya taka.

Mai wurin yana tsallaken hanya. Yana tsaye a gindin mangwaro, riƙe da kekensa, ya cire hula. Shi ne Gola, mai tsaron gidanmu na dā, manomin doya daga wajen Ashige. Shekara goma sha biyar rabonsa da ƙofar gidan nan. Bai tsallako ba. Ya tsaya har inuwa ta juya, sannan ya mayar da hularsa ya hau keke ya tafi. A aljihun rigata kuwa akwai takarda da aka rubuta dominsa, na kasa tashi in miƙa masa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Baduku ne, daga Kano ya zo Lafiya yana saurayi da jakar kayan aikinsa, ya zauna. Bai taɓa buga tamaula da ƙafarsa ba, don ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta. Abin da ya haɗa shi da ita ɗinki ne. Wani akawun tashar jirgin ƙasa ya kawo masa tamaular da ta fashe ya gyara. Kawu ya riƙe ta kwana uku, ya farke ta ƙyalle-ƙyalle ya ga yadda aka haɗa ta, ya mayar ya ɗinke, sannan ya ɗinka tasa da fatar akuya. Ya bi akawun har fili ya ga abin da ake yi da ita. Inna ta ce ya dawo gida ran nan bai ci abinci ba, yana zaune yana jera duwatsu a ƙasa yana matsar da su. Kafin wata ya mutu ya tara mu goma sha ɗaya a wani fili da ke kan hanyar rafi, ya kafa gwangwala biyu a kowane ƙarshe. Akawun nan ne ya fara kiransa Manaja don zolaya. Kawu ya tambayi ma'anar kalmar, aka faɗa masa, ya ce, "To, ai bai yi ƙarya ba." Sunan ya bi shi har kabari.

In na rufe ido yanzu filin nake gani da yamma, bayan ruwa ya ɗauke. Ciyawa tana da sanyi a tafin ƙafa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi, mata suna wucewa da tuluna suna kallonmu ta gefen ido. Tamaula takan tashi sama ta shiga cikin hasken rana ta ɓace, mu duka mu tsaya da baki buɗe muna jiran ta dawo. A gefen fili kuma ga Kawu da babbar rigarsa a naɗe bisa kafaɗa, yana bin layi da ɗingishinsa, muryarsa tana kaiwa har kasuwa.

Ba shi da tsoron kowa, bakinsa kuma ba ya ajiye magana ta kwana. Wani babba daga ofishin En'e ya taɓa aiko a ɗaure jakunansa a filinmu, Kawu ya aika masa cewa in jakunan za su zo su zo goma sha ɗaya, a buga, wanda ya ci ya riƙe fili. Ya taɓa ce wa rafali a gaban jama'a, "Usur ɗin nan da ke bakinka ya fi ka sanin wasa, ka ba shi dama ya yi aikinsa." In ɗayanmu ya faɗi yana riƙe da ƙafa, sai ya ce, "Tashi, ƙasar ba ta yi maka komai ba." Da yamma kuwa shi ne zai zo gidanka da man kaɗanya ya zauna ya murza maka ƙafar da hannunsa, yana zaginka har ya gama.

Amma abin da ya fi riƙewa da ƙarfi kalmomi biyu ne ƙanana: ta da shi.

Mu goma sha ɗayan nan ba harshenmu ɗaya ba. Akwai Alago, akwai Eggon, akwai Migili, da Gwandara, da wani Batibe dogo mai gudu kamar iska. Hausar kasuwa ce ta haɗa mu, ita kuwa Hausar kasuwar Lafiya ba ta damu da mace ko namiji ba. Mutum zai ce maka matarsa ya tafi rafi, ba wanda zai ɗaga kai. Kawu ya ce a filinsa ba za a yi haka ba. Yakan riƙe tamaula a hannu ɗaya, ya damƙo wuyan rigar ɗayanmu da ɗayan.

"Wannan wace ce?"

Mu ce, "Ta."

"Wannan ƙaton fa?"

Mu ce, "Shi."

"To. Tamaula mace ce. Ba a yi mata tsawa, lallashinta ake yi. In kun ji na ce kama ta, ita nake nufi. In na ce kama shi, mutum nake nufi, ka manne masa kada ya sha iska. A kasuwa ka kira uwarka shi, ba ruwana. A nan wanda ya haɗa mini su zai koma gida."

Mun ɗauka rigimar Bakano ce kawai. Daga baya muka gane dabararsa ke nan gaba ɗaya. Yana tsaye a waje yana ganin abin da mu ba mu gani, da kalma ɗaya kuma yake juya mu. Ta, mu bi tamaula. Shi, mu tare mutum. Abokan karawarmu suna jin ihun ba su san yana da ma'ana ba.

Ba wanda ya sha wuyar darasin nan kamar Gola, ba kuma wanda ya riƙe shi kamarsa. Ya zo mana Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba. Ya gaya mini a hanyarsa ta komawa gida yakan bi yana nuna abubuwa da yatsa, kaza ta, zakara shi, tunkiya ta, rago shi, har mutanen ƙauyensu suka fara zaton ya taɓu. A waje har yau bai gyara ba, komai shi ne a bakinsa. Amma in ya tsaya tsakanin gwangwala biyun nan, kunnensa yakan zama na Kawu. Kafin kalmar ta gama fita jikinsa ya riga ya tafi.

Kawu yana sonsa, ko da yake ba da baki yake nunawa ba. Shekarar da mahaifin Gola ya hana shi zuwa saboda aikin gona ya yi yawa, Kawu bai je roƙo ba. Ya kwashe mu duka da fatanyu muka taka har Ashige, muka yi wa tsohon kunyoyin doya kwana biyu. Shi yana zaune a kan kututture yana yi mana ihu kamar a fili, yana cewa kunyata ta karkace kamar bugun da nake yi. Da muka gama ya ce wa tsohon, "Ga gonarka. Ba ni golana." Da ya ga yatsun Gola suna tsagewa saboda tamaula in ta jiƙe nauyi gare ta, sai ya auna hannunsa da zare ya ɗinka masa safar hannu ta fata mai laushi. A duk ƙasar nan ba mai tsaron gidan da ke da irinta.

Sai ranar da muka kara da ma'aikatan tashar jirgi. Shekara guda Kawu yana neman wasan nan, yana aika musu da maganganu ta bakin fatake, cewa takalmansu ne ke wasa ba su ba. Su da takalma, mu ƙafa a ƙasa. Garin duka ya fito, har bisa itatuwa mutane ne. Aka yi ta bugawa ba wanda ya ci wani, har rana ta yi ja, rafali ya fara duba agogonsa.

Ɗan gabansu ya kuɓuce mini. Laifina ne, na zame a cikin laka. Ya tura tamaula gaba, ta yi masa nisa, tana gangarawa a hankali zuwa wajen Gola. Gola ya fito, ya sunkuya, hannayensa biyu a buɗe, saura taki ɗaya ya ɗauke ta. Ko makaho ya san tasa ce. Ina kwance a ƙasa, tsakanina da Kawu bai fi tsawon tabarma uku ba. Sai na ji muryarsa ta tsaga filin:

"Kama shi!"

Shekara arba'in yana zaune a Lafiya. Yana saye a kasuwarta, yana faɗa da mutanenta. Harshen garin ya shige shi bai sani ba, ya ɓuya, sai a wannan lokacin ya fito.

Na ga Gola ya ɗaga hannu daga kan tamaula kamar ta ƙone shi. Ya miƙe, ya rungumi ɗan gaban nan a ƙugu, ya ɗaga shi sama, takalmansa suna lilo. Tamaula ta tsaya ita kaɗai a cikin ciyawa, ba mai taɓa ta. Filin ya yi tsit, sannan dariya ta fashe. Rafali ya busa, ya ba su fanariti, suka ci. Bai daɗe ba ya tashi wasan.

A nan tsakiyar fili, jama'a kewaye da mu, Kawu ya tsaya a gaban Gola yana huci.

"Me ka yi ke nan? Kokawa muka zo?"

Gola ya ce, "Manaja, ka ce kama shi."

"Ni? Ni zan kira tamaula shi? Na ce kama ta. Kunnenka ne har yau bai bar gona ba."

Mutane suka sake fashewa da dariya. Gola bai yi fushi ba tukuna. Ya juyo wajena, don ya san inda na faɗi.

"Mai gishiri, kai kana kusa. Me ya ce?"

Haka yake kirana saboda fataucin gishirin Awe da nake yi. Na dubi Kawu. Yayan uwata ne, a gidansa na girma, a gaban gari kuma muke. Na ce, "Ban ji ba."

Gola ya dube ni ya daɗe. Sannan ya zare safar hannun ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a ƙasa a gaban Kawu, ya bi ta cikin mutane ya tafi. Daga ranar bai sake taka filin ba. In ya kawo doya kasuwa ta wata hanya yake bi don kada ya wuce rumfar Kawu. Ni kuma in mun haɗu yakan amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Ƙungiyar ba ta mutu a ranar ba, amma ba ta ƙara zama daidai ba. Muka yi ta raguwa, wannan ya yi aure, wancan ya tafi soja. Samarin makaranta suka karɓi filin, da takalmansu da malaminsu mai littafin dokoki. Kawu bai daina zuwa ba. Yakan kawo kujerarsa ya zauna a bakin layi yana yi musu ihun ta da shi, su kuwa ba su san abin da tsohon yake nufi ba. Ko sau ɗaya ban ji ya ambaci Gola ba. In wani ya ɗauko zancen wasan tasha sai ya ce rafali ne ya sayar da mu, ya kawo wata hira.

Da na shiga ajin manya ya samu abin zolaya. In ya hango ni da allo a hammata sai ya ce, "Ga ɗalibi mai furfura. Yau wane baƙi ya kayar da kai?" Nakan yi dariya in wuce. A farkon daminar nan ciwo ya kwantar da shi, muryar da ke kaiwa kasuwa ta koma ba ta wuce bakin ƙofa. Kullum in na taso daga aji nakan biya in zauna da shi. Wata yamma yana kwance yana kallon rufin ɗaki, ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba:

"Kun kai inda ake rubuta shi?"

Na ce, "Wane ne, Kawu?"

"Shi. Kalmar."

Na ce mun kai. Na gaya masa baƙaƙe biyu ake haɗawa su ba da sauti ɗaya, sannan a sa wasali.

"Ƙaramar aba haka har baƙi biyu? Ɗauko takarda."

Na yago daga littafina, na fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri kamar yadda malaminmu ya koya mana buɗe wasiƙa. Ya ce in karanta masa. Da ya ji ya ce, "Goge. Kada ka ƙara mata ruwa. Rubuta abin da na ce kawai." Ya faɗa a hankali, yana jira in gama kowace kalma, shi da bai taɓa jiran kowa ba. Da muka gama ya sa na shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala a ƙasa. Ya nuna bango da haɓa. "Ka haɗa masa da waɗancan."

Safar hannun ce, rataye a ƙusa bayan ƙofa. Sau nawa na shiga ɗakin nan ban taɓa lura da ita ba.

Da na kai takardar washegari, da Gola ya same shi da rai. Amma da na duba rubutuna a gida sai na ga layin ya karkace, baƙaƙen wasu sun hau kan wasu. Na ce maganar da ta jira shekara goma sha biyar ba za ta tafi da mummunan hannu ba. Na zauna ina kwafe ta a allo kullum, ina so hannuna ya faɗa, in sake rubutawa da kyau a kai wa Kawu ya sake dangwalawa. Na ce ranar kasuwar Ashige zan tafi. Haka nake gaya wa kaina. Yanzu na san ba rubutun kaɗai nake tsoro ba. Kwana tara ina gyaran baƙaƙe, a na goma Kawu ya cika.

Ranar sadakar uku Gola ya sake zuwa, ya tsaya a gindin mangwaron, ya tafi. A ranar na nuna wa taubashina takardar. A da ba ya buɗe baki bai kira ni bawansa ba, irin wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, amma tun rasuwar bai yi mini wasa ba. Na karanta masa. Ya ce:

"Ka ƙone ta. Mutum yana kabari za ka tsaya a ƙofar gidansa ka ce ya yi ƙarya? Gola ba ya karatu, sai an karanta masa, kowa ya ji. Abin da garin nan zai riƙe game da ubana ke nan?"

Ni ma abin da na yi ta tambayar kaina ke nan. Inna tana zaune a bakin ɗakinta cikin takaba, muka ɗauka ba ta ji. Sai ta yi magana ba ta ɗaga kai ba.

"Kowace shekara in ruwa ya sauka yakan sauko da fatar nan ya shafa mata mai, ya mayar. Sau goma sha biyar ina kallo. Na taɓa ce masa, Malam, ba aikawa za ka yi a kira shi ba? Ya ce in bar shi da abin da ya dame shi. Yanzu ya buɗe baki da kansa, ku kuma za ku rufe masa?"

Taubashina ya tashi ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya fito da safar ya ajiye mini a cinya.

Ranar bakwai ita ce ta ƙarshe, daga ita za a naɗe tabarmi, na kuma san Gola ba zai sake samun dalilin zuwa ba. Da hantsi ya iso, ya jingine keke, ya cire hula. Na tashi na tsallaka hanya. Ban juya ba, amma na ji motsin 'yan wasan suna tasowa a bayana.

"Gola, sannu da zuwa."

"Mai gishiri. Sannu da haƙuri." Ya dubi ƙasa. "Matana ya ce in shiga in gaisa kamar mutum. Kullum in na zo nan ƙafana ya ƙi."

Na ce, "Kawu ya bar maka saƙo. Tun yana da rai ya kamata in kawo, ban kawo ba."

Na buɗe takardar, ta farkon, mai karkataccen layi da yatsan Kawu a ƙasa. Na karanta yadda nake karatu, kalma ɗaya-ɗaya:

"Gola. Ni na ce shi. Kai ka yi daidai."

Na naɗe takardar, na ce, "Wannan nasa ne. Ga nawa, ba a rubuce yake ba. Ran nan na ji. Na ji sarai."

Ya ce, "Na san ka ji. Kowa ya ji. Har mutanen kan itace." Ya miƙo hannu. "Nuna mini shi."

Ban gane ba da farko. Ya ce, "Kalman. Ina yake?"

Na sake buɗewa na ɗora yatsana a ƙarƙashin kalmar. Ya sunkuya ya kawo fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallonta, ya taɓa ta da ɗan yatsansa mai kaushin fartanya.

"Wannan ɗan abu ne?" ya ce. "Shekara goma sha biyar. Na ɗauka zai fi haka girma."

Na ba shi safar. Ya juya ta, ya shinshina, ƙamshin man kaɗanya yana nan. Ya zura hannunsa, ta shiga kamar jiya ya cire. Sannan ya tsallaka hanya, ya bi ta bayan tabarma ya zauna a wurin da ba wanda ya taka. Ya ɗaga hannayensa cikin safar ya ce, "Allah ya ji ƙan shi." Ya ɗan tsaya, ya juyo wajen taubashina. "Shi ne dai, ko? Kada in yi kuskure ya taso."

Taubashina ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya rufe fuska da hannun riga. Da ya samu kansa ya share ido ya dube ni ya ce, "Kai bawana, tashi ka ɗauko tamaular Baba a ƙarƙashin gado."

Da la'asar muka taka zuwa filin, mu tsofaffi, ba wanda ya ce a je, muka dai tsinci kanmu a hanya. Ba kowa a wurin. An yi yayyafi, ciyawa ta jiƙe, hasken rana ya kwanta a kanta. Gwangwalayenmu sun daɗe da ruɓewa, an kafa wasu sanduna a madadinsu. Gola ya shiga tsakaninsu ya tsaya, ya ɗan durƙusa kamar dā. Batiben nan dogo, wanda yanzu gwiwa ta hana shi gudu, ya ajiye tamaula ya buga a hankali. Ta gangara, ta bi ta gefen ƙafar Gola, ta wuce. Bai motsa ba. Kansa yana karkace wajen bakin layi, inda kujerar Kawu takan zauna.

Ya ce, "Ina jira a gaya mini."

Aka dawo da ita. Batiben ya ja baya ya sake bugawa, wannan karon ta tashi sama ta shiga cikin rana ta ɓace, muka ɗaga kai muna jiranta kamar dā. Ni ba mai ɗaga murya ba ne, duk garin nan an sani. Amma na je na tsaya a bakin layi, da na ga ta fito daga cikin hasken na faɗa da iyakar ƙarfina, daidai yadda aka koya mana. Gola ya tashi ya tare ta a ƙirji, ya rungume, ya zauna da ita a cikin ciyawa. Muka tsaya muna jira ya jefo ta, bai jefo ba.

Allah Ya yi wa Kawu rahama, Ya sanyaya masa makwanci kamar ciyawar filin nan bayan ruwa. Ya yafe masa kalmar da ta kuɓuce masa, Ya karɓi wadda ya mayar. Takardar tana wurin Gola. Ya ce in ruwa ya ɗauke zai riƙa zuwa ajinmu, yana so ya iya karanta ta da kansa.